Wata Shida A Shagon Ɗab'i: Abin Da Ɗalibin Zane Ba Zai Samu A Aji Ba

Mai karatu, idan akwai ɗalibin zane a gidanku, ko kuwa kai ne ɗalibin, akwai ranar da za a shigo da takarda daga makaranta, ana neman wurin da za a je sanin makamar aiki, abin nan da ɗalibai ke kira IT. Daga ranar kuma sai ra'ayi ya rabu a gida. Wasu su ɗauka hutu aka ba yaro, har a fara lissafa masa aike da tsaron shago. Wasu kuma su bazama neman ofis mai sanyi da suna, ko da babu abin koyo a ciki, don dai a riƙa cewa ga inda ɗansu yake zuwa. Duka biyun asara ce. A sana'ar tsara zane da kwamfuta, wadda aka fi sani da dizayin, watannin nan su ne ke raba wanda ya iya danne-danne da wanda za a damƙa wa aiki a koma gida a yi barci.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba mai zane ba. Sai dai tamu sana'ar ma ba a ƙare koyonta a aji. Za ka iya haddace sunan kowace jijiya a littafi, amma nemo ta a hannun jaririn da gudawa ta busar, wannan sai a gefen gado, ƙarƙashin idon wadda ta riga ka. Ƙanwata kuma ta yi nata wata shidan a wani shagon ɗab'i a Kano, a gidana take kwana, don haka na ga irin tafiyar tun daga farko har ƙarshe. Daga waɗannan biyun na tattaro abin da zan gaya maka.

Me ya sa ake tura ɗalibai?

Tsarin ba sabo ba ne. A shekarar 1971 gwamnatin Nijeriya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, mai hedikwata a Jos. A 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES, saboda masu masana'antu na kokawa cewa ɗalibai na fitowa da takardar shaida amma hannunsu bai san aiki ba. Har yau a kan wannan shiri ake tafiya. Galibi ɗaliban jami'a wata shida suke yi, na kwalejin fasaha wata huɗu, sannan akwai shekara guda ta aiki da masu ƙaramar difloma kan yi kafin su koma neman babba. Ɗalibin da ke karanta zane a wuri irin Sashen Zanen Masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta nan zai bi. Wanda bai shiga babbar makaranta ba, aka kai shi shago ya zauna ƙarƙashin maigida, shi ma maganar nan tasa ce, don abin da za a koya ɗaya ne.

Ka zaɓi wurin da inji yake

Kafin ka miƙa takardarka, ka tambayi abu uku. Shin ana buga aiki a wurin, ko aƙalla ana kai shi maɗaba'a a dawo da shi ka gani? Akwai ƙwararren da zai zauna kusa da kai? Za a bar ka ka taɓa aikin kwastoma na gaske? Idan amsar duka a'a ce, ko da ginin bene goma ne, ka ƙara gaba. Ƙaramin shago mai hayaniya, inda ake buga katin aure da safe, kalanda da rana, fostar makarantar Islamiyya da yamma, ya fi maka ofishin da za a ajiye ka kana kallon waya har a tashi.

Ka kuma shirya wa makon farko. Mai yiwuwa shara za ka yi, da ninke takardu, da ƙirga kati ɗari-ɗari, da kai filas wurin mai inji. Kada ka raina. Mu ma da gyaran gado da auna zafin jiki aka fara da mu, kuma a gyaran gadon ne muka koyi gane majinyacin da jikinsa ya canja tun kafin ya yi magana. Mai ninke takarda shi ke fara gano dalilin da ya sa shafukan ƙaramin littafi ke tafiya huɗu-huɗu, da yadda shafi na ɗaya da na ƙarshe ke kwana a kan falle guda. Wanda aka aika wurin mai inji kuwa, idan yana da kunne, zai ji duk ƙorafin da ake yi a kan masu zane, kuma kowane ƙorafi darasi ne kyauta. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne wata biyu su wuce kana nan a ɗan aike. Idan ka ga haka, ka samu maigida a lokacin da ba shi da kwastoma, cikin ladabi ka roƙi a ba ka ƙaramin aiki, ko da katin shaida ne.

Fuskar kwamfuta daban, takarda daban

Babban darasin da shago zai koya maka shi ne cewa abin da ka gani a kwamfuta ba shi ne zai fito ba. Kwamfuta da waya da haske suke haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Inji kuwa da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, wato CMYK. Akwai launukan da haske ke iya nunawa amma tawada ba ta iya kaiwa. Shi ya sa koren nan mai ƙyalli da amarya ta zaɓa a waya yakan fito a dushe, shuɗi kuma ya karkata zuwa ruwan malmo. Ƙwararre tun daga buɗe aiki yake sa shi a tsarin tawada, idan kuma launin na da muhimmanci, ya buga gwaji ɗaya ya nuna wa mai aiki kafin a saki inji.

Haka baƙin rubutu. Idan ƙananan haruffa ne, da baƙar tawada zalla ake yin su. Idan ka bari baƙin ya zama haɗin launi huɗu, to sau huɗu za a ɗora tawada a kan kowane harafi, da zarar ɗaya ya goce da ƙiris sai rubutun ya fito da inuwa, mai karatu ya yi ta murza ido.

Sai hoto. Aikin da za a riƙe a hannu, kamar kati ko mujalla, yana son hoto mai ɗigo 300 a kowane inci. Kwastoma kuwa zai turo maka hoton da ya yi yawo a WhatsApp har ya gaji, domin manhajar na matse hoto duk lokacin da aka tura shi a matsayin hoto. A waya zai yi kyau, a kan fosta fuskar ta farfashe. Za ka koyi cewa a turo maka shi a matsayin fayil, ko a kawo na asali. Za ka kuma gane bambancin hoto da zanen layi. Tambarin da aka zana da layi a CorelDRAW ko Illustrator, ko an buɗa shi ya kai girman bango ba ya lalacewa, amma wanda aka kwafo daga intanet yana girma yana ruɓewa.

Ga kuma wuƙa. Ba a yanka kati ɗaya-ɗaya, tari guda ake dannawa a sare, kuma wuƙar kan ɗan goce. Don haka ake barin launin bango ya zarce iyakar aikin da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma a janye shi ciki. Wanda bai yi haka ba, ko dai kati ya fito da farin zare a baki, ko wuƙa ta tafi da lambar ƙarshe ta wayar ango. Duk waɗannan ana iya faɗa maka su a aji, ka rubuta, ka ci jarrabawa. Amma gani ya kori ji. Ranar da ka ga kati ɗari biyar a kwandon shara, da fuskar maigida yana lissafin takarda da tawada, ba za ka sake mantawa ba.

Ƙugiya da Larabci

Akwai darasin da ya shafe mu musamman, wanda bidiyon koyarwa na ƙasashen waje ba zai taɓa ambata ba. Yawancin nau'o'in haruffa masu ado da ake saukowa da su daga intanet ba su da ƙ da ɗ da ɓ, balle ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Ka rubuta su, sai wurin ya zama akwati, ko manhaja ta aro harafin daga wani nau'in, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo. Da yawa sai su share ƙugiyar su huta. To amma baƙi ba baki ba ne, ƙafa ba kafa ba ce, ɗaki ba daki ba ne. Tun zamanin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939 masu ɗab'in Hausa ke fama don haruffan nan su zauna daidai, a lokacin da babu kwamfuta. Bai kamata a hannunka su ɓace ba. Ka tara nau'o'in da ka gwada ka tabbatar suna da ƙugiya, kafin ka kai aiki wurin mai inji kuma ka mayar da rubutun zane, don kada kwamfutarsa ta canja maka shi.

Larabci ya fi wannan haɗari. Wasu manhajojin zane, musamman tsofaffin, sukan wargaza haruffan Larabci, su raba su ɗaya-ɗaya ko su jera su daga hagu zuwa dama. Wanda bai iya karantawa ba zai ga ado ne kawai, ya saki. Katin aure da na saukar karatu da kalandar makarantu kuwa ba sa rasa Bisimilla ko aya ko addu'a. Duk rubutun Larabci ko ajami da ya bi ta hannunka, ka kai wa wanda ya iya ya karanta shi harafi-harafi a kan takardar gwaji, ba a waya ba.

Abu biyar kafin a saki inji

A asibiti, kafin mu ba da magani sai mun tabbatar da abu biyar: majinyacin ne, maganin ne, adadin ne, hanyar bayarwar ce, lokacin ne. Wasu magungunan ma sai mutum biyu sun duba. Ba don ba mu iya karatu ba, sai don idon da ya gaji yakan ga abin da yake tsammani, ba abin da ke rubuce ba. Na ba ƙanwata wannan dabara bayan wani katin ɗaurin aure da ya fita daga shagonsu an rubuta Asabar, alhali kwanan watan da ke jiki Lahadi ya kama. Mutum uku suka kalli katin, kowa launi da furanni yake yabawa. Sai da aka fara rabawa wani dattijo ya duba kalanda. Shagon ne ya sake bugawa daga aljihunsa, dangin amarya kuma ba su sake dawowa ba.

Kai ma ka riƙe naka biyar: suna, rana, kwanan wata, lokaci, wuri. Ka gwada ranar da kalanda, ta boko da ta Musulunci. Ka kira lambar wayar da ke jiki ka ji ko ta shiga. Ka tambayi yadda mutum ke rubuta sunansa, don Muhammad da Mohammed da Mamman ba ɗaya ba ne a wurin mai sunan, kuma barin Alhaji ko Hajiya ko sarautar wani a katin biki kan iya tayar da ƙurar da ta fi kuɗin katin. Daga nan ka tura wa mai aiki, kada a buga sai ya amsa a rubuce cewa ya duba ya yarda.

Kwastoma da lissafi

A makaranta malami ne ke duba aikinka, kuma ya san ƙa'idar zane. A shago, Alhaji zai zo yana son hotonsa da na mahaifinsa da na shagon da lambobin waya huɗu da launi bakwai, duk a kan sitika mai faɗin tafin hannu. Idan ka ce masa bai san zane ba, ka rasa shi. Idan ka yi masa yadda ya ce ba tare da shawara ba, ka yi aikin da ba mai iya karantawa. Ka lura da yadda maigidanka ke yi. Gogaggu sukan tambayi inda za a manna abin, da wanda ake so ya karanta, da nisan da zai tsaya. Sukan yi samfuri biyu, na yadda aka ce da na yadda ya dace, su ajiye a gaban mutum ya zaɓa da kansa. Sau da yawa na biyun yake ɗauka, ya tafi yana jin shi ya ƙirƙiro.

Kada kuma ka kawar da kai idan ana yanke farashi. Ka san cewa rim ɗaya falle 500 ne, A3 ɗaya na ba da A4 biyu ko A5 huɗu, takarda kuma da nauyinta ake sayenta, ta kati ta fi ta fosta kauri da tsada. Ka san lokacin da ƙaramin aiki ya fi sauƙi a firinta, da lokacin da yawansa ya kai a yi filet a hau babban inji. Ka ga yadda ake sa kuɗin man janareta da ladan zane a ciki, da dalilin karɓar kafin alƙalami. Masu zane da yawa sun iya aiki amma sun rufe shago, saboda ba su taɓa koyon wannan lissafin ba.

Aikin da za ka ce a'a

Wata rana wani zai matso kusa da kai ya rage murya. Sakamakon jarrabawa ne a canja masa maki, ko rasit, ko takardar asibiti, ko kwalin wani magani a kwaikwaya har da lambar NAFDAC. Zai ce minti biyar ne, kuma zai biya fiye da abin da ka samu a wata. A nan zan yi magana da bakin aikina. Jabun magani ba ya sayuwa sai da kwali mai kyau, kuma wani mai zane ne ya zauna ya tsara kwalin. Mu ne muke karɓar yaron da aka yi kwana uku ana ba shi maganin zazzaɓin da babu komai a cikinsa. Ko maigida ne ya sa ka, ka ba da haƙuri ka ƙi, ka sanar a gida da kuma malamin da ke kula da kai. Wurin koyo ana canjawa, suna idan ya ɓaci ba ya wankuwa da sauƙi.

Haka hotunan mutane. Hoton amarya da na 'yan makaranta da katin shaidar wani, duk amana ce. Ba a kwafe su a waya, ba a sa su a Facebook ko TikTok don tallar kai sai da izinin masu su.

Ka kula da jikinka

Zaman kwamfuta na cin ido da baya a hankali. Duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ka riƙa miƙewa kana taka ƙafa. Tawadar manyan injinan buga banna na da wari mai sa ciwon kai da ƙaiƙayin ido, don haka ɗakin na buƙatar iska, mai asma kuma ya faɗa tun ranar farko. Janareta a waje ake ajiye shi, nesa da taga, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari. Wuƙar yanka takarda kuwa, kada ka kusance ta sai an koya maka, kuma kada ka yi hira kana kanta.

Abin da za ka fito da shi

Makaranta za ta ba ka logbuk, littafin da za ka riƙa rubuta aikin kowace rana, mai kula da kai a wurin aiki ya sa hannu. Kowa ya san yadda wasu ke yi: a zauna dare ɗaya a cike wata shida, a nemo hatimi. Wanda ya yi haka kansa ya cuta. Ka rubuta kullum, har da abin da ya lalace da dalilin lalacewarsa, don wannan shafin ya fi sauran amfani. Ban da logbuk, ka nemi izini ka riƙa ajiye kwafi ɗaya na duk aikin da ka yi aka buga. Ranar neman aiki, ba a cika tambayar mai zane makinsa ba. Cewa ake ya nuna abin da ya yi. Yanzu da Canva da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka sa kowa na iya haɗa fosta a waya, abin da zai sa a neme ka shi ne sanin yadda aiki zai fita daga inji lafiya, a kan lokaci, babu kuskure.

Gare ku iyaye

Yawancin wuraren nan ba sa biyan ɗalibi, wanda ya bayar ma na mota ne. Ku sa kuɗin mota da na abincin rana a lissafin gida kamar yadda kuke sa kuɗin makaranta, don yaron da ba shi da na mota shi ne ke fara tsallake kwanaki. Ku je ku ga wurin da idonku, ku gaisa da maigidan, ku karɓi lambarsa. Idan 'ya mace ce, ku yi maganar lokacin tashi tun farko, domin gab da Sallah da lokacin zaɓe shagunan ɗab'i kan kai dare suna aiki. Ku kuma buɗe mata ƙofar da za ta iya gaya muku idan wani ya takura mata, ba tare da tsoron za a ce ta bar aikin ta zauna a gida ba. Sana'a ce da mace za ta iya riƙewa daga ɗakinta bayan aure, da kwamfuta ɗaya da waya, kuma mata da yawa sun fi sakewa su tura hoton biki ga 'yar'uwarsu mace.

Da daddare kuma, maimakon ku tambayi ko an ba shi wani abu, ku ce ya nuna muku abin da ya yi yau. Ku karanta katin, ku nemo masa kuskure, ku tambaye shi dalilin da ya sa wannan rubutu ya fi wancan girma. Idan wata uku suka wuce bai taɓa shigowa da ko falle ɗaya da ya ce hannunsa ne ba, lokaci ya yi da za ku koma wurin maigidan ku zauna.

Masu shagon ɗab'i da ke karanta wannan, da ɗaliban da suka riga suka gama nasu, filin sharhi na ƙasa naku ne. Ku gaya wa masu tasowa abin da kuka so a ce an gaya muku a makonku na farko.